Labarin Gonakin Inabi Na Birnin Ɗa'ifa

Jama'a, mafi yawanmu mun san zabibi a cikin tsarabar alhazai, amma kaɗan ne suka taɓa ganin itacen da ke haifarsa. Don haka muka ga ya kamata mu kawo muku labarin abin da muka gani a gonakin inabi na Ɗa'ifa, cikin ƙasar Hijaz.

Tsakanin Makka da Ɗa'ifa bai kai mil 60 ba, amma hanya ce ta hawan dutse. Garin yana bisa tudu wajen ƙafa 6,000, watau kamar ninki uku na duwatsun Kwahu. Shi ya sa mutanen Makka kan gudo nan in zafi ya tsananta, kuma shi ya sa inabi da rumman da ɓaure suka karɓi ƙasar. A wani lambun inabi na garin nan ne Manzon Allah (SAW) ya huta sa'ad da mutanen Ɗa'ifa suka jefe shi, shekara 10 da aiko shi, har wani bara mai suna Addas, mutumin Ninawa, ya kawo masa nonon inabi. Akwai masallaci da ake kira da sunan Addas.

Inabi ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Yaɗo yake yi, sai an kafa masa rumfa ya hau. Reshe ake yankowa a dasa, a yi ta ban ruwa har wajen shekara 3 kafin a ɗanɗana. Da sanyin hunturu sai ya zubar da ganye ƙaf, baƙo ya ce ya mutu. Lokacin nan ne ake sassabe yawancin rassan bara, gama sabon toho ne kaɗai ke ɗaukar 'ya'ya. Wanda ya ji tausayin wuƙa, sai ya sami ganye tuli, 'ya'ya ƙanana masu tsami.

Babbar damuwar manomi ita ce ruwa. Abin da ke sauka a shekara ba ya kai inci 10, saboda haka rijiya ce uwar gona. Tun shekara ta 58 bayan Hijira aka gina wa Halifa Mu'awiya madatsar ruwa kusa da garin, rubutun yana jikin dutse har yau. Yanzu da inji ake jawo ruwa, siririn tiyo yana ɗiga shi a gindin kowane itace. To, ga abin mamaki. Ruwan da mai koko ke roƙo, shi mai inabi ke tsoro in 'ya'ya sun kusa nuna, don yakan sa su tsage su ruɓe. Ƙanƙara kuwa, in ta sauko, kafin a gama shan shayi ta lalata wahalar shekara. In laima ta yi yawa, wata farar cuta takan hau ganye, sai a barbaɗa farar wuta.

Sai kuma ɓarayin da ba a kai su gaban alkali. Tsuntsu ya huda, rina ta biyo ta ƙarasa. Amma shugabansu gwaggon biri ne. Mun gan su garke garke a bakin hanyar Hada, matafiya suna jefa musu abinci, shi ya sa suka daina tsoron mutum. In suka faɗa lambu, abin da suke karyawa ya fi abin da suke ci. Sai shinge mai tsawo, da raga bisa rumfa, da gadi tun asuba.

Cikin watannin Yuli da Agusta ake yanka, da sassafe, kafin rana ta yi zafi. A nan fatake za su gane ciwon. Goro, in an gyara masa ganye, yakan yi watanni yana jiran kasuwa. Inabi ba ya jira. Gonaki suna nuna tare, kaya su cika kasuwa, kuɗi ya faɗi, mai gona kuwa ba shi da ikon cewa albarka. Mafitarsa ita ce ya shanya ya zama zabibi, amma mudu 4 na ɗanye da ƙyar ya ba da 1.

Saboda haka, wanda Allah ya kai shi Umra da rani, ya daure ya hau Ɗa'ifa, ya ziyarci masallacin Abdullahi ɗan Abbas, ya saya daga hannun mai gona, kada kuma ya matsa masa wajen ciniki. Allah ya ba mai noma sa'a, ya ba mai fatauci riba, amin.