Yadda Na Sayar Da Dokin Mahaifina

Jama'a, ga labarin abin da ya same ni cikin hutun da ya wuce.

Tun ina makarantar mishan a Wusasa, kusa da Zariya, mahaifina yana da wani kili mai jinin dawakin Larabawa, wanda fatake suka kawo daga Sudan ta hanyar Cadi. Kowa ya gan shi ya san irinsa. Kansa ƙarami ne, karan hancinsa ya ɗan lotsa, idan kuwa ya zabura sai ya ɗaga wutsiya sama. Irin wannan doki tsayinsa ba ya cika wuce santimita 155, amma wajen jimirin tafiya ba a kai shi. Ni ne mai yi masa ciyawa, in ba shi dawa da kanwa kafin in tafi makaranta.

Da ajali ya zo wa mahaifina, sai ya ce mini, "Ɗana, in ta kama ka sayar, duba hannun da za ka sa shi." Ta kuwa kama, gama ga kuɗin makaranta, ga ƙannena. Kawo shi nan Kudu kuma ba shi yiwuwa, domin tsandon kurmi shi ke sa wa dabba sammore, ta yi ta ramewa har ta mutu.

Dillali ya fara kawo wani attajiri, ya yi tayi mai tsoka. Na ce sai na ga bargarsa tukuna. Da na je, na tarar da dawaki uku, duk sirdi ya ci musu baya, linzami ya yayyage musu baki. Na ce, "Albarka." Dillali ya ce lalle karatu ya taɓa ni.

Bayan kwana 5 sai ga wani dattijo, barden wani hakimi. Bai yi maganar kuɗi ba sai da ya buɗe bakin dokin ya duba haƙora, ya ɗaga kofato ɗaya ɗaya, sa'an nan ya tambaye ni, "Yaro, da wane lokaci ya saba shan ruwa?" Na bi shi gida, na ga turke a share, harawa a jibge. Tayinsa bai kai na attajirin ba, amma na ce, "Baba, na sallama."

Kuɗin bai ishe ni ba, sai da kawuna ya ranta mini ciko, har yanzu kuwa ina biya. Amma kyan alkawari cikawa. Ran da zan komo na biya in yi sallama. Dokin ya ji muryata ya yi haniniya. Dattijon ya ce, "Duk Sallar da ka zo, ga sirdi, ka hau."