Bel Biyu da Na Yanka da Ido

Ni na ƙone harawar maƙwabcina, ba yaron da na ɗora wa laifin a bainar jama'a ba. Kuɗin harawar na biya su a ranar. Faɗin gaskiya ne ya ɗauke ni kusan wata guda.

Duk wanda ya tashi a Dogarawa ya san wuyar da dabba ke sha daga watan Maris har saukar damina. Kwarin Magiya yana ba mu albasa, sunan Galmi ya kai kasuwannin Abijan da Akara, amma albasa ba ta cika tumbin sa. Da kaka kyasuwa da harkiya sai ka gaji da yanka. Da bazara ɗan ƙullin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya sai ka ciro kuɗi. Shi ya sa na sayar da shanu, na haɗa da kuɗin albasa, aka kawo mini tsohon injin naɗe ciyawa ta tashar Kwatano, tun kafin a rufe iyakar Benin. Irin wanda tarakta ke ja ne, yana fitar da ƙaton dami mai siffar ganga. Wani Ba'amurke, Gary Vermeer, ya fito da irinsa a jihar Ayowa a farkon shekarun 1970. Nawa dai ya ci ƙuruciyarsa a gonakin Turai kafin ya iso mu. Ranar da aka sauke shi a bakin kwalta, mutane sun yi dafifi kamar an kawo kura.

Aikinsa ba wuyar fahimta. Haƙoran ƙarfe ne a ƙasa suke tsintar ciyawar da aka jera a layi su cusa ta ciki. A cikin akwai bel shida masu faɗi, suna gudu a kan rola. Su ke kama ciyawar farko su murɗa ta, kamar mace tana naɗa gammo. In wannan cibiya ta soma juyawa, sauran damin shi ke naɗe kansa. In ta ƙi, ciyawa ta cushe a baki, tarakta yana ta kuka a banza.

Biyu daga cikin bel ɗin a yage suka zo. Na nema a Ƙonni ban samu ba, na tsallaka Illela ta Najeriya nan ma babu. Wani mai kayan gyara ya nuna mini tsohon bel irin na masana'antu, mai kauri, sumul. Na saya, na zo gida na shimfiɗa shi kusa da yagaggen, na yanka biyu da wuƙa bisa ƙiyasin ido, na haɗa bakin da ƙugiyoyin ƙarfe.

Ɗan ƙanwata ne direban tarakta, ya yi shekaru yana koyon gyara a wani gareji a Tawa. Ya tsuguna yana kallona, sannan ya ce, "Kawu, da an ciro sauran huɗun an jera su a ƙasa, a ga ko tsawonsu ɗaya."

Na ce, "Kai da aka haifa jiya, kai za ka koya mini awo?"

Gaskiyar ita ce aikin yini guda nake ƙyashi. Neman bel ya cinye mini kaka, ga Disamba ta shigo, ga mutane suna tambaya yaushe injin Alhaji zai fara. Bakinsu nake ji, ba na yaron ba.

Muka shiga fadama da hantsi, iskar hunturu tana kaɗawa. Cibiya ta ƙi juyawa. Na ce a ƙara matse sifirin. Ta ƙi. Na ce a ƙara gudu, sai ciyawar ta cushe. Har sanda na ɗauka ina tura ta inji yana juyawa, abin da in na tuna yau sai tsigar jikina ta tashi, don bel ba ya bambanta sanda da hannu. Da ƙyar muka fitar da dami uku kafin azahar, kowanne gefe ɗaya ƙato, gefe ɗaya tsiriri. A na huɗu yaron ya waiwayo ya ce, "Kawu, ina jin ƙauri." Na ce roba ce, a ci gaba.

Ba roba ba ce kaɗai. Boris ɗin rolar sama ne ya yi ja, ciyawar da ta naɗe a jikinsa ta kama. Yaron ya yi ta maza, ya buɗe bayan injin ya zubar da damin, ya ja tarakta gefe. Amma iska ta riga ta ɗauki wutar ta bi layin ciyawa har iyakar gona, inda maƙwabcina Baba ya jibge harawarsa a kan wani gawo. Kafin jama'a su kashe ta da ƙasa da rassa, babu abin da ya rage sai toka. A nan, gaban kowa, na ce yaron ne bai sa giris ba. Bai ce uffan ba. Ya ajiye makulli ya koma gidan uwarsa.

Wani tsohon makanike na ɗauko daga Ƙonni, wanda ya ƙare rayuwarsa a kan taraktocin gandun noman rani. Abu na farko da ya yi shi ne abin da yaron ya faɗa: ya ciro bel shida ya jera a ƙasa. Nawa ɗaya ya gaza sauran da yatsa huɗu, ɗayan da kusan taƙi. Ya ce bambancin bai kamata ya wuce yatsa ɗaya zuwa biyu ba. Gajeren bel shi ke ɗaukar dukan nauyi, dogayen su saki jiki su riƙa zamewa. Duk matsin da na ƙara, a kan biyun nan da boris ya sauka. Yankan nawa kuma a karkace yake, shi ya sa bel ɗin yake zarcewa gefe yana gogar bango. Tsofaffin huɗun sun suɗe kamar madubi, ba abin da za su kama. Ya bi duk wurin sa giris da yatsa, ya nuna mini. Babu inda yaron ya tsallake.

Sannan ya ɗebo ciyawar ya murza, ta zube gari. Ya ce, "Alhaji, wannan inji don ciyawa mai sauran rai aka yi shi. A Oktoba ake naɗi, da asuba, raɓa ba ta ɗaga ba. In dole sai da hunturu, a yayyafa wa farkon layin ruwa, a bar sandar tarakta a juyi 540, a shiga a hankali, ana karkata dama da hagu don dami ya cika gefe biyu. Kuma a riƙa tsayawa, a kashe inji, a kai hannu kusa da boris a ji."

Zuwa wurin ƙanwata bai yi mini wuya kamar zuwa majalisa ba. Bayan la'asar na tashi gaban mutanen da suka ji ni ranar gobara, na ce ƙarya na yi wa yaro, ni na yanka bel, ni na hana a tsaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Kawu." Ya dawo aiki. Yanzu akwai igiyar awo mai ƙulli a bakin tsawon bel, a hannunsa take, ni ba na taɓa ta.

Baba kuwa da na kai masa kuɗi cewa kawai ya yi, "Allah ya kiyaye gaba." Na biya shi a farashin Disamba. Da bazara ta yi, kuɗin ba su sayi rabin abin da ya ƙone ba, dole ya kai ragon da yake kiwo don layya kasuwa a rame.