Daga Kontagora Zuwa Ajin Haɗa Magunguna

A Kontagora, garin Sarkin Sudan, kemis ba ya wuyar samu, amma mai digirin haɗa magunguna sai an tona. Yaron da ya ƙwallafa rai a kan ilmin nan tilas ya bar gida: ko ya bi ta Tegina zuwa Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ko ta Yawuri zuwa ta Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Can zai shekara 5, wani tsarin ma 6, yana fama da sinadarai, da awon ƙwayoyi, har da binciken saiwoyin da kakarsa ke jiƙawa. Sannan ga shekarar horo kafin lasisi. Da ya gama kuwa, galibi asibitocin Abuja da Kaduna kan riga garinsu kiransa.