Mai auna ruwan sama ba shi da ikon ƙara ko ɗigo

A wani gida da ke bayan babbar kasuwar Maraɗi akwai wani dattijo wanda ba ya karya kumallo da damana sai ya leƙa wani mazurari da ke kafe bisa sandar ƙarfe a tsakar gida. In an yi ruwa da dare, sai ya juye abin da ya taru cikin kwalba mai zane, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya rubuta adadin a littafi. In ba a yi ba, sai ya rubuta sifili. Jikokinsa na yi masa dariya, suna cewa tsoho ya yi ritaya amma ba a gaya masa ba. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana aikin gwamnati a fannin meteyo, ɓangaren da ke duba yanayi domin manoma da makiyaya. Ya fara daga mai karanta ma'auni har ya kai kujerar da ake sa hannu, shi ya sa har gobe ƴan unguwa Darekta suke ce masa.

Fari ne ya shigar da shi wannan aiki. Yana ɗan lakwal lokacin da damanar 1973 ta ƙi, ya ga shanu sun zube a bakin rijiyoyi, ya ga mutanen arewa sun gangaro da tabarma da ƙwarya. A watan Satumba na shekarar ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari, wato CILSS, a Wagadugu. A 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai domin horar da waɗanda za su haɗa ilimin noma da na ruwa da na yanayi. A watan Afrilu na wannan shekara kuma soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, yunwa na cikin dalilan da suka bayar. Tun daga nan ya gane cewa lissafin ruwan sama ba wasan yara ba ne.

Abin da aka fara koya masa shi ne milimetir 1 na ruwa daidai yake da litir 10,000 a gona mai hekta guda. Kowace safiya masu tsaron ma'auni a garuruwa su karanta, su aika Yamai ta wayar iska, Muryar Sahel ta karanta wa jama'a. Duk kwana goma kuma a zauna da ma'aikatan noma da na kiwo da na ruwa da masu yaƙi da fara, a fitar da takarda: ina aka yi shibka, ina ta ƙone, ina ciyawa ta fito. A 1988 wani masani ɗan Indiya mai suna Sivakumar, da ke cibiyar binciken noma ta Sadore kusa da Yamai, ya fitar da ƙa'ida: damana ta kama in an samu milimetir 20 cikin kwana 3 a jere, bayan 1 ga Mayu, muddin ba a yi tsaikon da ya wuce kwana 7 ba cikin kwana 30 masu zuwa. Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai rabinta na biyu ba a saninsa sai bayan wata guda, shi kuwa manomi da sungumi a kafaɗa yau yake son amsa.

A nan ne ya sha kunyar da bai manta ba. Wata shekara aka yi ruwan farko a ƙauyensu, bai kai ma'auni ba. Ya aika wa yayansa da saƙo cewa a dakata, kada a zubar da iri a ƙasar da ba ta jiƙa ba. Yayan ya ji magana ya rufe rumbu, maƙwabta suka yi shibka. Sai Allah ya sa ruwa ya biyo baya babu tsaiko. Ran da yayan ke jefa iri, hatsin maƙwabta ya isa noman farko, da kaka kuma kowa ya fi shi dami. Da ya je gida gaisuwa, yayan ya dube shi ya ce: "Mushe, ni da shamuwa da gawo mun daɗe tare. Shamuwa ta zo, gawo ya kaɗe ganye, kai ka ce in tsaya. Gwamnati za ta biya ka ƙarshen wata, ni wa zai biya ni?" Ya sunkuyar da kai ya ce: "Yaya, ka yi mani gafara." Ya sayi buhu biyu ya kai, amma daga ranar bai sake faɗa wa manomi "yi" ko "bari" ba. Sai ya ce masa: cikin shekara goma masu kama da wannan, ga yawan waɗanda shibkar fari ke tsira, ga yawan waɗanda take ƙonewa, iri naka ne, shawara taka ce.

Jarrabawa ta biyu daga kasuwa ta zo. Wanda ya ga 1984 ya san shekarar da mutanen Maraɗi suka sa wa suna El Buhari, domin fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, tiyar hatsi ta gagari talaka. Tun daga lokacin manyan ƴan kasuwa suka fahimci cewa wanda ya riga kowa sanin yadda damana za ta ƙare ya riga kowa cika sito. Wani abokinsa na ƙuruciya ya same shi da dare, da shadda cikin leda, ya ce: "Darekta, ba kuɗi na zo nema ba. Kwana uku kawai nake so ka riga rediyo gaya mani." Ya ce: "Alhaji, in na ba ka kwana uku, daga bakin wa na ɗauke su? Matar da za ta auni tiya ɗaya jibi ita za ta biya kuɗin shaddar nan." Alhaji ya tashi da ledarsa. Sun shekara biyu ba sa gaisawa sai a jana'iza.

Ta uku ita ce mafi nauyi, domin daga sama ta fito. Wata shekara ruwa ya yanke tun hatsi bai gama bununi ba. Wani babba ya kira shi buro, ya ce a sassauta takarda, kada a tayar da hankalin jama'a, kada ƴan kasuwa su ɓoye abinci. Maganar babban ba ta rasa kan gado ba, domin labarin fari shi kansa yana ɗaga farashi. Amma tun 1989 Nijar na da tsarin gargaɗi da wuri, kuma waɗannan alƙaluma na cikin abin da ake dubawa a ware garuruwan da za a kai wa hatsi mai rahusa. In an ƙara wa gari ruwan da bai samu ba, ana iya cire shi daga jerin masu bukata. Sai ya ce: "Ranka ya daɗe, kalmomi a hannunka suke, a tausasa su yadda ka ga dama. Adadin kuwa ba nawa ba ne, amana aka ba ni." Takarda ta fita da adadinta. Shi kuma ya yi shekaru yana ganin na bayansa suna wuce shi a ƙarin girma.

Da aka shiga shekarun 1990, albashi ya riƙa makara wata da watanni, a Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Waɗansu masu tsaron ma'auni suka tafi neman abinci, waɗansu suka zauna suna rubutu da cikin yunwa. Abin da ya fi tsoro a lokacin shi ne ma'aikacin da zai cika shafi da ƙiyasi don kada a ga giɓi. Ya kan ce musu shafin da aka bari fari an san ba a auna ba, amma ƙarya in ta shiga littafi jikoki za su gaje ta a matsayin gaskiya.

Waɗannan littattafai ne, da irinsu na sauran ƙasashen Sahel, suka ba masanan Ingila damar nunawa a 1986 cewa ruwanmu na da alaƙa da ɗumin ruwan teku. A kan wannan aka gina taron hasashen damana na Afirka ta Yamma, wanda aka fara a Abijan a 1998. A 2017 kuma wani bincike na hotunan tauraron ɗan adam ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa lokaci guda sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Dattijon ya shiga aiki yana tsoron fari, ya tsufa yana ganin ambaliya. A damanar 2024 ruwa ya kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ya shafi fiye da miliyan 1, a watan Satumba kuma ya rusa tsohon masallacin Damagaram mai shekara fiye da ɗari da rabi.

Mai karatu, in kana cikin masu sa hannu a buro, ka tuna akwai rumbun wani a bayan kowane adadi. In kuwa kasuwa ce sana'arka, ka saurari rediyo tare da kowa, abin da Allah ya rubuta maka ba zai wuce ka ba. Shi dai dattijon bai gina bene ba, fanshonsa da ƙyar yake kai ƙarshen wata. Amma yanzu ɗan yayansa na da ma'auni a bakin gona, in an yi ruwa sai ya bugo waya da asuba ya ce: "Baba, 18 muka samu, me ka gani?" Shi kuma ya ce ya haƙa ƙasa da hannu ya ga inda laima ta tsaya, sa'an nan su yi magana.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya, amin.