Alseshan Ko Burbul: Wanne Ya Dace Da Gidan Iyali?

Tun da mutane suka soma gine-gine a bayan gari, inda maƙwabci ke nesa da maƙwabci, magidanta da yawa waɗanda a da ba su ko kallon kare sun koma neman wanda zai kwana a bakin ƙofa. Malamai dai sun yarda a riƙe kare don farauta da kiwo da tsaron gona, wasu kuma suka haɗa da gadin gida in bukata ta kama. To, wanda ya je wurin masu sayar da karnuka a Kaduna ko Jos ko Abuja, iri biyu za a fi tallata masa, watau Alseshan da Burbul.

Shi Alseshan asalinsa karen makiyaya ne na ƙasar Jamus. Wani hafsan soja mai suna Max von Stephanitz ne ya kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, kuma abin da ya nema a jikinsa shi ne basira da biyayya. Shi ya sa har yau 'yan sanda da sojoji ke aiki da shi. Namiji kan kai kilo 30 zuwa 40. Amma gashinsa ruɓi biyu ne, na ƙasar sanyi, saboda haka zafin bazara yakan galabaitar da shi in babu inuwa da ruwa, kaska kuwa ta sami maɓoya. Har wa yau irinsa na da larurar ƙugu, wadda kan sa ya riƙa jan ƙafa in ya manyanta.

Burbul kuwa daga Afirka ta Kudu ya fito, inda Turawa manoma suka yi kiwonsa don tsaron gonakinsu. Gajeren gashi gare shi, ga ƙirji, ga kai kamar turmi, nauyinsa sau da yawa yakan haura kilo 60. Ɓarawon da ya hango shi ta saman katanga ba ya bukatar wa'azi. Wannan kwarjini shi ke jan hankalin magidanta, kuma a nan ne ake ruɗuwa.

Gidan Bahaushe ai ba ya rabuwa da masu shige da fice. Da hantsi 'yar talla ta shigo, da azahar almajiri ya zo karɓar saura, ɗan maƙwabta ya faɗo neman ƙwallonsa ba ko sallama, ga 'yan barka da 'yan gaisuwa. Alseshan da aka horar tun yana kwikwiyo yakan koyi rarrabe waɗannan da baƙon dare, in ma ya zabura, matashi mai ƙarfi na iya riƙe sarƙarsa. Burbul fa? In ya yi kuskure sau ɗaya a kan yaro ɗan shekara biyar, babu matar gida ko ɗan aikin da zai iya janye shi. Ba a banza ƙasar Denmak ta sa shi cikin karnukan da ta haramta riƙewa a 2010 ba. Yana da ladabi ga ubangidan da ya san hannunsa, amma maigidan da ke fita da asuba, ko ya yi mako a kan hanya, ya bar wa iyalinsa abin da ya fi ƙarfinsu. Ga kuma ciyarwa, don cikinsa ba na ƙanzo da ragowar tuwo ba ne.

Don haka gida mai yara da baƙi, Alseshan ya fi dacewa da shi, muddin za a ba shi filin motsa jiki, domin in aka ɗaure shi wuni guda yakan koma haushi da ɓarna. Burbul a bar wa mai gona ko gidan kaji, mai doguwar katanga da mutum ɗaya tsayayye da ke kula da shi. Ko wanne aka ɗauka, a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare, a kuma riƙa sabunta ta duk shekara.