Zuwa ga Ɗana, Kan Yayen Maruƙa

Babangida,

Na rubuta wannan ne don ranar da garken nan zai koma hannunka, lokacin da ba lallai ina kusa ba, balle ka tambaye ni. Maganar yayen maruƙa ce. Na san halinka, kuma na san a nan zai ba ka wahala.

Tun kana ƙarami ba ka iya jin kuka ka wuce. Ranar da aka raba maraƙi da uwarsa zai kwana yana kuka a dangwali, zuciyarka kuma za ta ce ka kwance shi. Kafin ka kai hannu ga igiyar, je ka shafa haƙarƙarin uwar tukuna.

Abin da saniya mai shayarwa ta ci, da shi take riƙe ranta, da shi take yin nono, sai in an samu ragowa jikinta ya yarda da sabon ciki. In ciyawa ta gaza, ba ta hana ɗanta nono. Kitsenta take narkarwa, in ya ƙare ta shiga naman jikinta. Shi ya sa bunajin da ke sheƙi da kaka, kafin Afrilu sai ka ga tozo ya kwanta, ƙashin ƙugu ya fito. Shi kansa tsotson yana jinkirta mata neman bijimi. Cikin saniya kwana 283 ne ko kusa da haka, don haka in ana son haihuwa duk shekara sai ta ɗauka cikin kamar kwana 80 bayan ta haihu. Ramammiya ba ta iyawa, takan kai shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa.

Da zarar an yaye, hantsa ta ƙafe, abincin da ke tafiya nono sai ya koma gina jikinta. Maraƙin farkon damina ka yaye shi wajen Disamba ko Janairu, yana da wata 6 zuwa 7, tun akwai harawa da karan dawa. Ta haka uwar za ta murmure kafin bazara, kafin kuma watanni 3 na ƙarshen ciki, lokacin da ɗan tayi ya fi ci daga jikinta. In shekara ta yi muni, ko uwar mai haihuwar fari ce wadda ita ma ba ta gama girma ba, kana iya yayewa a wata 3 ko 4, don a lokacin tumbin maraƙin ya kama aiki, yana tuƙa. Amma daga ranar cinsa na wuyanka: dusa, harawa mai laushi, gishiri da ruwa mai tsabta. In ba ka tanade su ba, kada ka yi gaggawa.

Ni nawa jinkirin ba na tausayi ba ne irin naka. Shanunmu ba sa sakin nono sai ɗa na kusa, yaye kuwa yana nufin ƙwarya ta bushe a gida, ni kuma ban cika jure wannan ba. Ga shi ina da nauyin yanke shawara, kullum sai gobe. Kai da mahaifiyarka kun sha fama da wannan hali nawa, kuma ba na so ka gaje shi.

Tausayinka kuwa kada ka rage shi ko kaɗan, da shi na fi alfahari a kanka. Abin da nake roƙo shi ne ka sa masa ido, kada ya tsaya a kunne kawai. Ko a cikin gida, mai yawan hidima ba kasafai yake kokawa ba, sai an lura ake gane ya gaji. Ka riƙa duba irin waɗannan, ka sauke musu nauyi tun ba su roƙa ba, ko da wani zai yi kwana biyu yana fushi da kai.

Allah ya yi maka albarka, ya sa dukiyar nan ta yaɗu a hannunka.

Mahaifinka