Fatsa a Bakin Kogin Tems

Da kaka, idan ganyaye suka yi ja suna zuba a Landan, nakan ɗauki fatsata in tafi Richmond. Ruwan wurin ba gishiri, amma teku ce ke juya shi: sau biyu a rana yakan cika, ya sake janyewa har laka ta bayyana. Nakan soka tana a ƙugiya, in zauna cikin sanyi ina jiran ruwa ya fara komawa.

A 1957 an ce kogin nan ya mutu saboda ƙazanta. Shi ya sa duk sanda igiyata ta motsa raina ke yin sanyi. Yau kifi iri fiye da 100 ke rayuwa a cikinsa.